Gorar Irin Casimiro

Estelí, Nicaragua
9 ga Maris, 1997

Yaya Hortensia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk wanda ya rage a gidan San Luis. Evaristo ne, jikan Bernabé ƙanen kakanki, marayan da mahaifinki Baffa Casimiro ya riƙe a gonarsa. Na yi wannan dogon bayani ne don shekara talatin da shida ba wasa ba ce, kada ki tsaya juya ambulan kina tambayar wane ne. Labarin rasuwar Baffa ya iso gare ni a makare, Allah ya jiƙansa. Ni lafiyata ƙalau. Likitoci sun ɗan taɓa mini maƙogwaro shekara huɗu da suka wuce, amma an gama da wannan. Matata ta rasu. 'Yata Marisol ta yi aure, mijinta Néstor ne ke kama mini aikin masana'anta.

Sista Amparo da ta miƙo miki wannan tana zuwa Pinar del Río sau uku a shekara kan aikin cocinsu. Ta ce ita ba ta san abin da ke cikin ƙunshin ba, kuma kada kowa ya gaya mata.

Karan puro uku ne, sigarin ganyen taba zalla, naɗin gidana. Hanjinsa ganye uku kamar yadda aka koya mana: na ƙasa don ya ci wuta, na tsakiya don ƙamshi, na sama don ƙarfi. Ganyen ɗauri daga Jalapa yake. Rigar kuwa ƙarƙashin rumfar yadi aka rene ta, ki duba yadda take sheƙi, ba jijiya ko ɗaya da ta taso. Shekara uku ganyen ya yi a ajiye kafin hannu ya taɓa shi. Duk wanda ya sha yana cewa farkonsa barkono ne, tsakiyarsa cakulan da soyayyar gyaɗa, ƙarshensa ƙamshin jemammiyar fata. Masu zuwa saye daga Miami suna haɗa shi da giyar rake mai shekara goma sha biyu, ba ƙanƙara, su kishingiɗa su lumshe ido. Kuma duk tabar daga irin gida ta fito, irin da na taho da shi.

Ga abin da ya kawo ni. Ina so in sa masa zoben takarda mai sunan Baffa, Don Casimiro. An riga an zana, da ruwan zinariya, amma ba zan buga ba sai kin ce eh. Ke kika yi wa Baffa naɗi shekara goma sha biyar, ke kaɗai kika rage da kika san yadda puronsa yake a baki. Ki ɗanɗana mini, Yaya, ki gaya mini ko ya kai.

Ƙanenki,
Evaristo

San Luis, Pinar del Río
20 ga Afrilu, 1997

Evaristo,

Gaisuwarka ta iso. Ban juya ambulan ba, rubutunka har yanzu yana karkata kamar mai neman ƙofa. Shekarata saba'in da ɗaya. Yatsuna sun kumbura, da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su buɗe, ido ɗaya kuma ya yi yana. Hanci da harshe dai suna nan. Osmani ɗan ƙanwata ne ke noma gonar yanzu, har ya fara furfura.

Na farko ban kunna ba, tsaga shi na yi da wuƙa a kan allo. Masu naɗinka jera ganye suke yi ɗaya kan ɗaya su ninke, su wuce na gaba. A gidan nan kowane ganye sai an naɗe shi shi kaɗai ya zama bututu kafin a haɗa, don hayaƙi ya bi ta cikin kowanne ya ɗauko rabonsa. Ka san haka, ka dai ga sauri ya fi kawo ciniki. Rigar tana da kyau, ban hana ba.

Na biyu na sha. Barkonon ya kama ni a maƙogwaro tun zuƙa ta biyu, bai sake ni ba sai da muka kai rabi. Cakulan ɗin na same shi, gyaɗar ban ga inda ta shiga ba. Toka fara ce, ta riƙe, wutar ba ta karkace ba. Puro ne mai kyau, amma ba na Baba ba ne. Na ukun na ba Osmani, ya zuƙa sau uku ya ce, "Inna, wannan ai sai mutum ya ci abinci ya yi wasiyya tukuna."

Maganar giyar rake kuwa, ka bar wa mutanen Miami. Baba da baƙar gahawa yake shan nasa, ba sukari, da ruwan randa a gefe. In baƙo ya zo da kwalba yakan ce, "Ajiye ta can, ɗan'uwa, sai mun gama da wannan. Ba na zaunar da masu surutu biyu a tebur ɗaya."

Yanzu mu zo kan layin da ka rubuta kamar hula ka ɗauka a bakin ƙofa. "Irin da na taho da shi." Ranar Lahadi ce cikin Agusta, muna coci wajen baftismar Osmani, rana tsaka. Ka shiga ɗakin shanya taba, ka sauko da gorar iri, ka juye ta kaf, ka toshe ta, ka mayar ka rataye. Mun yi kukan tafiyarka wata guda ba mu san sauran ba. Sai Satumba, an gyara fangali, ma'aikata na tsaye da toka a kwarya, Baba ya hau tsani ya sauko da gorar. Ya girgiza ta a kunnensa sau biyu. Bai zage ka ba. Cewa ya yi, "Ashe ban koya wa yaron nan awo ba." Ya mayar da ita inda take.

Cokalin shayi ɗaya yana dasa gona guda, Evaristo. Da hannunka ka sha gauraya shi da toka kana watsawa. Da cokali biyu ka ɗiba, da babu wanda zai taɓa sani. Shekara arba'in Baba yana zaɓen tsiro goma sha biyu mafi kyau, yana rufe furensu da jaka, bai taɓa ba maƙwabci ko ƙwaya ba. A shekarar nan sai da ya tafi da hularsa a hannu roƙon iri gidan mutanen da ya hana. Daga nan har ya mutu bai sake shan tabar da gonarsa ta ba da ba, sai abin da ya rage na tsohon ƙulli.

Kana son sunansa, ni kuma ina son irinsa. Aiko mini da cokali ɗaya kafin Satumba, sannan mu yi magana.

Hortensia

Estelí
28 ga Yuni, 1997

Yaya Hortensia,

Ina gaida ke, ina yi miki sannu da yatsu. Na sa man shafawa a ƙunshin, na wani likita ne a Managua, an ce yana aiki. Nan damina ta sauka da ƙarfi, kowa lafiya.

Wasiƙarki na karanta ta sau huɗu, kowane karatu ya fi na baya zafi. Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Kwalekwale na jirana a bakin ruwa, mai mota yana danna oda a kan hanya. Safa na cire na juye a ciki. Wallahi na ɗauka akwai wata gorar a ɗakin Baffa, don ban taɓa zaton mutum mai tsantseni irinsa zai ajiye komai wuri ɗaya ba. Ban tsaya awo ba, wannan gaskiya ne.

Amma ki ji nawa. Da safar nan cike da iri na yi shekara uku ina wanke kwanuka a Tampa, ban sayar da ƙwaya ɗaya ba. Na shuka shi a Honduras, na kawo shi nan, da yaƙi ya ƙone mini ɗakunan shanya na sake gudu da shi a aljihu, na sake dawowa. Ku kuma fa? Shuɗiyar fumfuna ta shiga gonakinku a 1980 ta cinye tsohon irin kowa, yanzu duk abin da aka raba muku shi kuke shukawa. Da na bar shi a gorar, da ya tafi tare da na kowa. Ni na raya shi, Yaya, ko ba ki so jin haka ba.

Na sa masu naɗi su koma yin bututu. Sun yi gunaguni. Doña Chila, wadda ta fi su daɗewa, ta ce, "Don Evaristo, tsohuwar nan taka ta Cuba guda nawa take naɗawa a yini? Ko ita ma ɗaya ce sai barci?" Na ce mata ki zo ki tambaye ta, in kin dawo da kunnuwanki biyu ki ba ni labari.

Maganar iri, ki ba ni lokaci. Rabin masana'antar na Néstor ne yanzu, kuma ya kafe cewa iri ba ya fita daga shinge. Zan shawo kansa. Kafin nan, ki rubuto mini yawan kowane ganye a hanjin, da abin da Baffa yake yayyafa wa taba in an tsiba ta tana gumi. Mu 'yan gona bai taɓa barin mu kusa da tukunyar da yake haɗa shi ba.

Ƙanenki,
Evaristo

San Luis
2 ga Nuwamba, 1997

Evaristo,

Man shafawa ya iso, yana da ƙamshi, yatsu suna nan yadda suke. Ina fata kai da surukinka mai shinge kuna lafiya.

Osmani ya gyara mini ɗan fangali bayan ɗakin shanya tun ƙarshen Agusta. Ya ƙona ƙasar, ya tankaɗe ta, ya kewaye. Sista Amparo ta zo cikin Satumba, na tarye ta har bakin titi da sandata, ta ce ba a ba ta komai ba. Lokacin shuka ya wuce. Kaji ne ke wanka a fangalin yanzu, suna gaishe ka.

Ka ce kai ka raya shi. Baba shekara takwas ya yi bayan tafiyarka, fumfuna kuwa sai bayan shekara goma sha tara ta zo. Shekara takwas ɗin nan nasa ne, ba naka ba ne da za ka yanke yadda za a yi da su. Kuma ka iya ɗauke gora guda daga hannun wanda ya ciyar da kai, amma cokali ɗaya ya gagare ka daga hannun mijin 'yarka. Wannan ya ba ni dariya, kuma dariyar ba ta yi mini daɗi ba.

Ba zan rubuta maka haɗin ba. Ga shi nan dai a ƙunshi, cikin ɓawon itacen palma. Ƙullin taba na ƙarshe daga tsohon iri, na girbin 1961, Baba yana shan ɗaya duk Lahadi har ya kwanta. Ya bar ganyen da zai yi kara biyu. Na adana shi a akwatin uwata, duk damina ina buɗewa ya sha iska in mayar. Satin da ya wuce na jiƙa shi na naɗe duka biyun. Kwana uku na yi, aikin da a da nake gamawa kafin gahawa ta huce. Ɗaya naka, ɗaya nawa, bayansu babu wani a duniya.

Kada ka tsaga shi. Kada ka ba Néstor ko ya shinshina. Ka ci abincin rana, ka sami inuwa, gahawa ba sukari, ruwa a gefe. Ka sha irinsa a da, don duk ranar da aka sauke ganye na ƙarshe Baba yakan miƙa maka ɗaya ya ce, "Karɓi, ɗan gona, ka ji abin da guminka ya zama." In harshenka na gidan nan ne har yanzu, zai gaya maka abin da ke cikin tukunyar. Ka rubuto mini shi daidai, in ba ka sunan. In ka kasa, kada ka sake tambaya.

Hortensia

Estelí
11 ga Janairu, 1998

Yaya Hortensia,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan muna tsakiyar girbi, kowa lafiya.

Ki buɗe littafin addu'ar Sista, shafin da ta naɗe. Irin yana cikin 'yar takarda, awon murfin kwalba guda, ya fi cokalin da kika nema. Néstor bai sani ba. Wato na zama ɓarawon iri sau biyu a rayuwata, amma wannan karon na yi awo.

Na sha puron ranar Kirsimeti, yadda kika ce, ƙarƙashin mangwaro. Yaya, hannunki bai tsufa ba. Na murza shi daga kai har ƙafa, ba inda ya yi tauri ba inda ya yi rami. Zuƙarsa ba wahala, wutar ta zagaya daidai, tokar ta kai tsawon yatsa biyu kafin ta faɗi. Farkonsa laushi ne da ƙamshin katako, tsakiya cakulan da ɗan zaƙi, ƙarshe jemammiyar fata. Gahawar ta dace da shi ƙwarai. Baffa ne sak.

Abin da ke cikin tukunyar, a ganina, zuma ce da giyar rake, wataƙila da ɗan ruwan karan taba. In na yi daidai, ki sanar da ni kafin Ista, don mai buga zobe yana jira.

Ƙanenki,
Evaristo

San Luis
19 ga Fabrairu, 1998

Evaristo,

Irin ya iso. Na gode, kuma wannan kalma ta yi mini nauyi a baki. Ni ina nan, tari ya ɗan dame ni, ya tafi.

Zuma da giyar rake kowane ɗan koyo daga nan har Santiago shi yake yayyafawa. Mutumin da ba ya barin kwalba a teburinsa ne zai zuba ta a tabarsa? Ɓawon lemo mai ɗaci ne da ganyen gwaiba, a dafa a bar shi ya kwana uku. Ɗacin lemon yana fitowa ta hanci tun zuƙa ta farko, gwaibar kuma tana zama a bayan harshe har ka sha ruwa. Jaki ma zai gane. Na faɗa maka yanzu don ba shi da sauran amfani a hannunka.

Na ɗauko wasiƙarka ta farko na ajiye kusa da wannan. Cakulan, fata. Kalmomin da kake sayar da naka da su ne ka sake jerawa. Duk abin da ido da yatsa ke gani ka faɗe shi daidai, abin da ke baki kuwa ko ɗaya. Don haka ba ka sha ba. Ko ka tsaga shi a teburin masana'anta kuna ƙirga ganye kai da Néstor, ko ka miƙa wa wani mai kuɗi daga Miami ya sha da giyarsa. Na ba ka rabin abin da ya rage mini na ubana. Gaya mini abin da ka yi da shi.

Hortensia

Estelí
5 ga Afrilu, 1998

Yaya,

Ina gaida ke. Lafiyar da na ce ina da ita tun farko, rabinta ƙarya ne.

Na sha shi. Na sha shi har ya ƙona mini yatsa, na soke guntun da tsinke na ci gaba. Ban ji komai ba, hayaƙi mai ɗumi ne kawai ya shiga ya fita. Gahawar ma ruwan zafi ce. Tun da aka gasa mini maƙogwaro da na'ura shekara biyar ke nan, harshena ya mutu, hancin ma ya bi shi. Gishiri da sukari ɗaya suke a wurina. Likita ya ce wasu yana dawo musu cikin shekara, ni bai dawo ba. Ya kuma hana ni taba, naki ne na farko da na kunna tun ranar.

Ba wanda ya sani, ko Marisol. Duk Litinin ana jera mini sabbin haɗi a tebur, in murza, in kai hanci, in ba Néstor ya kunna in ce, "Kai me ka ji?" kamar ina gwada shi. Abin da ya faɗa shi nake gyaɗa wa kai. Wata rana Doña Chila ta ce, "Don Evaristo, kwanan nan kai da surukinka bakinku ɗaya, ko dai ya yi maka asiri?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ranar da mutanen nan suka gane, na zama tsoho mai riƙe makulli.

Shi ya sa na rubuto miki tun farko. Ba ni da hanyar sanin ko abin da na yi shekara talatin ina bi ya yi kusa da na Baffa. Da na ga ƙunshinki na san ya kamata in mayar miki da shi, in faɗi gaskiya. Kwana ashirin yana kan teburina. Sai na ce wa kaina, wataƙila wannan ne zai tashe shi, harshen da ya fara koyo a kansa zai gane shi. Na yi caca da abin da ba nawa ba, karo na biyu. Na zauna ƙarƙashin mangwaron ina kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa, sannan na shiga na rubuto miki ƙarya.

Ki manta da maganar zobe. Ki dai rubuto, ko zagi ne.

Evaristo

Estelí
13 ga Disamba, 1998

Yaya,

Ina gaida ke. Sau biyu Sista Amparo tana dawowa hannu rabbana. Ta ce ta gan ki, kina tafiya da ƙafarki, kin ba ta gahawa, kin ce ba saƙo. Ambaliyar Oktoba ta tafi da ɗakunan shanya biyu, mu ba abin da ya same mu. Irin ya tsiro kuwa?

Evaristo

San Luis
24 ga Oktoba, 1999

Evaristo,

Ina gaida kai, ina yi maka jajen ambaliya, ko da yake jajen ya tsufa. Idona na biyu ya fara bin na farko, shi ya sa rubutun ya yi girma. Ban amsa ba ne don ba na magana kan taba sai na sha ta, ita kuma ba ta sauri don wani yana jira.

Ya tsiro. Rana ta takwas na fita da safe na ga kore a fangalin, na zauna a ƙasa na yi abin da ban yi ba ranar jana'izar Baba. Tsiro arba'in muka dasa bayan ɗakin shanya. Tun tsiron yana tsawon guiwa Osmani ya ce, "Inna, ganyen nan ya cika kauri, kamar ɗan da ya girma gidan masu nama." Na ce ya rufe mini baki. Muka girbe cikin Fabrairu, muka shanya, muka tsiba. Na dafa ɓawon lemo da ganyen gwaiba a tukunyar Baba na yayyafa da hannuna. Na bar shi wata shida, ya kamata ya fi haka, amma ba ni da shekarun jira. Watan jiya na naɗe ɗaya, bututu bututu.

Barkono ne, Evaristo. Ya kama ni a daidai inda naka ya kama ni. Ƙasar Baba, ruwan rijiyar Baba, tukunyarsa, hannun 'yarsa, amma tabar taka ce. Shekara talatin da wani abu kana zaɓen tsiron da zai jure ƙasarku, kana rufe furen da ya yi maka, har irin ya zama abin da kake so. Ka raya wani abu, ban musa ba. Wanda ka juye a safa dai bai dawo ba.

Na ce bari in tabbatar ba harshena ne ya ruɗe ba. Lahadin da ta biyo na ciro nawa karan daga akwati, na dafa gahawa, na ɗebo ruwan randa, na zauna a kujerarsa. Na kunna, na jira lemon ya fito ta hanci. Bai fito ba. Na kai rabi ina jiran gwaibar. Abin da na ji shi ne tsohuwar takarda, da warin akwatin uwata, da ɗan ɗaci irin na kara. Na sha ruwa na sake zuƙa, haka dai. Ganyen ya mutu a hannuna, ban san shekarar da ya mutu ba. Duk damina ina buɗe shi ya sha iska, ashe fita yake yi kaɗan kaɗan, ni kuma ina shinshina abin da na riga na sani.

Don haka ba ka rasa komai ba ƙarƙashin mangwaronka. Da harshenka na raye, da abin da za ka ji ke nan, ka rubuto mini gaskiya in kira ka maƙaryaci. Na sa maka jarrabawar da ni ma da na faɗi, na tsiraita ka a kan banza. Wannan laifina ne, na ɗauka. Sirrinka yana nan wurina, Osmani ma bai ji ba.

Kada ka ɗauka wannan yafiya ce. Gorar daban, puron daban. Har gobe ina ganin Baba a kan tsani yana girgiza ta a kunne, kuma ban sami inda zan ajiye wannan ba.

Sunan kuwa, a'a. Ba don in hukunta ka ba, sai don babu puron da ya cancance shi, ko a wurinka ko a wurina. Naka yana da kyau, na faɗa tun farko. Ka sa masa sunanka, ka bar mutanen Miami su sha da giyarsu.

Sauran irin na zuba a gorar na mayar inda take rataye. Bai rufe ko gindinta ba. Osmani ya tambaye ni ko za mu sake shukawa bana, na ce ya bar wa kaji fangalinsu. Yanzu ɗanɗanon nan ba ya cikin ƙasa, ba ya cikin iri, ba ya cikin akwati. A kaina kaɗai ya rage, kuma shekarata saba'in da uku.

Yayarka,
Hortensia